Zabura 91 Ƙarƙashin Matashin Kai

'Yata, saƙonki ya iso. Sai da na murmusa, daga baya kuma na yi shiru. Kin ce maƙwabtanki a Agege sun ba ki shawara ki buɗe Littafi Mai Tsarki a Zabura 91 ki sa a ƙarƙashin kan jariri, ki sa wani a ƙarƙashin matashinki, tunda maigida yana aikin dare ke kuma barci ya ƙaurace miki. Kina tambaya ko haka iyayenmu suke yi, ko kuma ki nemi man shafewa.

Na fara da jaririn: kada ki sa komai a shimfiɗarsa, ko littafi ko matashi. A kwantar da shi rigingine, a sauke gidan sauro, a kai shi rigakafi kan lokaci. Wannan ba ya rage bangaskiya ko kaɗan.

Kakarki takan ce Littafi ba laya ba ne, abinci ne, kuma ba wanda ya taɓa ƙoshi don ya kwana kusa da tukunya. Ki duba Matiyu sura 4. Wannan Zaburar da ake ce miki ki kwana a kanta, ita ce Shaiɗan ya jawo wa Yesu a kan Haikali, aya ta 11 da ta 12, yana so ya mai da alkawarin Allah abin gwaji. To, in Shaiɗan ya iya karanta ta, takardar da aka buga ta a kai ba za ta kore shi ba.

Abin da iyayenmu suke yi shi ne addu'ar dare. Bayan tuwo, kafin yara su fara gyangyaɗi, a taru a kan tabarma. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, wadda kowa ya sani. Mutum ɗaya ya karanta, kada ya wuce aya goma zuwa goma sha shida. Sannan a zaga, kowa ya faɗi abin da yake damunsa da sunansa: kuɗin haya, zazzaɓin yaro, tafiyar baba. Kowa kuma ya faɗi abu ɗaya na godiya, domin Filibiyawa 4:6 ta haɗa roƙo da godiya wuri guda. A rufe da Addu'ar Ubangiji. Minti goma sha biyar ya isa. Inda abin yake lalacewa shi ne in babba ya mai da shi wa'azi ko wurin yi wa yara faɗa. Mako biyu kowa zai fara zillewa. Kowane mako kuma akwai aya ɗaya ta haddacewa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar tafiyar kuwa tana zuwa. Kina ƙarama lokacin da ma'ajiyar makamai ta barikin sojoji na Ikeja ta kama da wuta, ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002, da yamma. Bama-bamai suka yi ta tashi, ƙasa tana girgiza, gilasai suna farfashewa a unguwanni masu nisa. Ba wanda ya san abin da ke faruwa. Wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi ya ɓarke. Mutane suka fito da yara a hannu suna gudu, kowa yana bin na gabansa. Taron ya nufi wajen Oke-Afa, inda akwai wani babban magudanar ruwa da ciyawa ta lulluɓe samansa har ya yi kamar ƙasa. Na gaba suka faɗa, na baya suna turowa ba su sani ba. Fiye da mutum 1,000 suka rasu a wannan masifa, da yawansu a cikin ruwan nan, ciki har da yara masu yawa. Ban ce waɗanda suka mutu sun gaza a bangaskiya ba, Allah ya kiyaye bakina. Akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Abin da nake so ki gani shi ne a irin wannan sa'a ba mai komawa ɗaki ya ɗauko abin da ke ƙarƙashin matashi. Abin da ke cikin zuciya shi kaɗai ke fita da mutum, shi ne kuma zai iya tsayar da shi ya tambaya, ina muka nufa?

Don haka in kin farka ƙarfe biyu na dare zuciya tana bugawa, kada ki ɗauki waya. Ku 'yan yanzu kuna kwana da labarin fashi da garkuwa da mutane a WhatsApp, sannan ku yi mamakin rashin barci. Ki tashi zaune, ki kunna fitila, ki sha ruwa. Ki faɗi Zabura 56:3 ko Zabura 4:8 da baki, a hankali, kina jan numfashi tsakanin jimla da jimla, sau uku ko huɗu. Ki gaya wa Allah abin da kike tsoro kai tsaye. In akwai abin da za ki iya yi a kai da safe, kamar gyara sakatar ƙofa, ki rubuta shi ki ajiye. Sauran ki bar masa, yadda 1 Bitrus 5:7 ta ce.

Abin da ke damuna a Legas shi ne irin addu'ar da ke ƙara tsoro, wadda ake kwana ana ihu ana lissafa maƙiya, har a ce surukarki ce mayya. Ki nisance ta. Kada kuma wani ya ɗora miki azumi kina shayarwa.

In abin ya kai mako biyu, ba ci ba barci, kuka ba dalili, ko kuwa tunanin cutar da kanki ko yaron ya zo miki ko da sau ɗaya ne, ki gaya wa maigida da matar fasto, ku tafi asibiti a ranar. Wannan yana samun mata da yawa bayan haihuwa, kuma yana da magani.

Maganar mai kuwa, Yaƙub 5:14 dattawan ikkilisiya ta ce a kira, ba kwalba ta ce a saya ba. Sauran sai mun haɗu. Ki fara zuwa Zumuntar Mata wannan makon, ki tafi da jaririn, akwai hannuwan da za su karɓe shi ki ɗan huta.