Yaya zan auna fahimtar ɗalibai masu larurar ji a darasin ilimin zamantakewa?

Tambaya: Ni malama ce mai koyar da ilimin zamantakewa a aji biyu na ƙaramar sakandare. Cikin ɗalibaina akwai uku masu larurar ji. Biyu suna sa na'urar taimaka wa ji, ɗaya kuwa da maganar hannu take sadarwa. A aikin taswira suna burge ni ƙwarai, amma duk jarrabawar da na yi su ne a ƙasa. Shin in sauƙaƙa musu tambayoyin ne, ko akwai wata hanya?

Amsa: Malama, abin da kika gani a aikin taswira shaida ce da ya kamata ki riƙe da kyau, domin yaron da ya iya karanta taswira ya nuna yana da kaifin tunani. Ba na ba ki shawarar rage nauyin abin da ake tambaya. Gyaran da ake bukata yana wajen harshen tambayar da kuma hanyar karɓar amsa.

Kowace rubutacciyar jarrabawa tana auna abu biyu a lokaci guda: sanin darasi da ƙwarewa a harshen da aka rubuta ta. A ilimin zamantakewa wannan ya fi tsanani, saboda kalmominsa, irin su zaɓe, haraji, majalisa da 'yanci, ba abubuwa ne da ake ɗagawa a nuna wa ido ba. Yaro mai ji yakan tsince su tun yana ƙarami daga hirar manya da labaran rediyo, ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. Yaro mai larurar ji bai samu wannan tsintuwar ba, musamman da yake fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan yara iyayensu masu ji ne, kuma da yawa sukan daɗe kafin su samu cikakken harshe. Saboda haka ƙarancin makinsa sau da yawa labarin harshe yake ba ki, alhali ke labarin darasi kike nema.

Dubi wannan tambaya: "Wanne daga cikin waɗannan ba ya cikin ayyukan da ba a yarda majalisa ta yi ba?" Korewa biyu ke cikinta, kuma ɗalibin da ya san aikin majalisa sarai zai iya faɗuwa a kanta. Idan aka ce "Rubuta ayyuka biyu na majalisa," ilimin da ake nema bai canza ba. Ki taƙaita jumloli, ki sa tambaya ɗaya a kowane layi, ki yi amfani da kalmar da kika koyar a aji maimakon wata mai kama da ita. Kalmomin fannin kuwa, kamar dimokuraɗiyya, kada ki cire su, domin su ne darasin. Ki koyar da su tun da wuri, tare da alamar hannu da kuka amince da ita.

Akwai wani tarko da na fi jin tsoro. Malami mai tausayi yakan mayar da duk tambayoyin yaran nan na hadda kawai. Tun 1956 masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka bambanta matakan tunani, daga tuna abu zuwa fahimtarsa, aiki da shi da tantance shi, kuma ɗalibanki suna da hakkin a gwada su a manyan matakan. Ki ba su taswira mai kogi da garuruwa biyu, ki tambayi dalilin da ya sa na bakin kogi ya fi yawan jama'a. Ki ba su hotuna biyar na yadda ƙuduri yake zama doka, su jera su, su bayyana abin da zai faru idan aka tsallake na uku.

Ɗalibar da ke maganar hannu ki bar ta ta amsa wasu tambayoyin da harshenta, a ɗauka a bidiyo idan hali ya yi. A 1960 masanin harshe William Stokoe ya nuna cewa maganar hannu ta Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan 'yancin masu nakasa ya amince da ita a fagen ilimi. Sai dai idan tafinta ne zai fassara mata tambayoyin, a bari ya ga takardar tun kafin ranar, domin wata alamar siffarta kaɗai kan tona amsar. A wajen ba da maki ki ware na ma'ana daban da na nahawu.

Jarrabawar da ake karanto tambayoyinta da baki ba ta dace da su ba, har da masu na'ura. Ido ba ya kallon leɓe da takarda a lokaci guda, sannan sautukan b, ɓ da m kamarsu ɗaya a leɓe, k, g da ƙ kuwa ba a ganin su. A rubuta komai, a ƙara musu lokaci. Kada kuma ki dogara da gyaɗa kai idan kin ce "Kun gane?", yara da yawa sun saba gyaɗawa don gudun kunya. Nazarin masana ilimi Paul Black da Dylan Wiliam na 1998 ya nuna cewa ƙananan gwaje-gwaje a cikin darasi, tare da gyara nan take, suna ɗaga karatu, musamman na waɗanda ke baya. Tambaya ɗaya a ƙaramar takarda a ƙarshen kowane darasi ta wadatar.

A wannan zangon ki gwada batu ɗaya sau biyu, da tsohon salonki da kuma salon da aka gyara, ki ba dukan ajin. Idan tazarar ta ragu, harshe ne ya tare su. Idan ba ta ragu ba, sai ki koma ki duba ko bayanin da kike yi a gaban allo yana isa gare su tun farko.