Yadda bromin ke kaiwa ga shimfiɗar ozon

Malam, ka tambaya ta yaya sinadarin da ke lalacewa cikin makonni zai isa shimfiɗar ozon, wato iskar da ke can sama mai tare mana haskoki masu cutarwa na rana. Hadari ne ke kai shi. Ciyayin teku, irin waɗanda ruwa ke turowa gaɓa nan Accra, suna fitar da bromofom, irin wannan sinadari mai saurin lalacewa da ke ɗauke da sinadarin bromin, ya shiga iska. Gagarumin hadarin ƙasashe masu zafi, musamman a yammacin Tekun Pasifik, yakan ɗaga iskar nan sama sosai cikin sa'o'i kaɗan, daga nan ta ci gaba da hawa a hankali. Can rana ke fasa bromofom ɗin, bromin ya fita. Ƙwayar bromin ɗaya tana cin ozon kusan ninki 60 na kulorin, wani sinadarin da shi ma ke cin ozon, kuma kusan rubu'in bromin ɗin da ke can daga irin waɗannan sinadarai yake. Abin da ke damuna, Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare ozon, ba ta shafe su ba.