Me Ya Sa Injina Yake Mutuwa Da Na Saki Koren Maɓalli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin niƙa mai amfani da lantarki a Rigasa. Da, idan na danna koren maɓalli na saki, injin yakan ci gaba da aiki. Yanzu da na ɗage yatsa sai ya mutu. Wani ya ce in sa masa makunnin bango kawai. In sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka sa. Tun da injin yana tashi idan ka danna, da wuya laifin na maɓallin ne.

Koren maɓalli ba ya riƙe wuta. A cikinsa akwai ƙarafa biyu da suke rabe, da sifirin a tsakani. Ka danna su haɗu, ka saki sifirin ya raba su, kamar na ƙararrawar ƙofa. A bayansa za ka ga an rubuta NO, wato kullum a rabe. Jan kuwa akasin haka yake, kullum a haɗe, sai an danna ya yanke wuta, shi ne mai NC.

Mai riƙe injin shi ne kontakta, wato makunni mai aiki da maganaɗisu, da ke cikin akwatin wutar injin. Koren yana tura wuta zuwa koyil ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, wajen da aka rubuta A1 da A2, maganaɗisu ya ja ƙarafanta su haɗu. Cikinsu akwai wata ƙaramar mahaɗa, galibi mai lamba 13 da 14, wadda ke karɓar aikin yatsanka ta ci gaba da ba koyil wuta. A nan nake zargin matsalarka take: ko wayarta ta kwance saboda jijjiga, ko garin niƙa ya cika ta, ko ta ƙone. Mai gyara ya kashe wuta tun daga babban makunni, ya ɗaure wayoyin, ya auna da mita. Idan ta mutu, a nemi sabuwar kontakta a kasuwar Panteka, amma a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin koyil, 220 ne ko 380.

Abin da ya sa nake ƙin makunnin bango shi ne yadda ake ɗauke mana wuta a Kaduna. Da kontakta, ana ɗaukewa sai ta saki, injin ba zai tashi ba sai mutum ya sake dannawa. Makunnin bango kuwa a kunne zai zauna. Ana dawo da wuta injin zai tashi da kansa, wataƙila yaronka yana share bakin injin ko hannunsa yana kan bel.