Gida mai lambu a tsohuwar unguwar Buruklin: me ya kamata a duba?

Ɗan'uwa, ka ce kana son sayen ɓangaren ƙasan gida, mai hawa biyu da lambu, a tsofaffin gidajen jere na Buruklin Haits, a New York. Unguwar na da kyau, amma ka fara duba batun ruwa. Hawan ƙasan nan shi ne ke fara cika idan an tafka ruwan sama. Guguwar Ida a Satumba 2021 ta hallaka mutane a irin ɗakunan ƙasa a birnin. Ka ɗauko mai binciken gini ya duba magudana, danshin bango da tsofaffin bututu.

Sannan ka nemi takardar izinin zama a ginin, wadda ke nuna yadda hukuma ta yarda a yi amfani da kowane hawa. Idan fiye da rabin tsayin ɗakin hawan ƙasan yana ƙasa da titi, doka ba ta ɗauke shi ɗakin kwana ba, ko da dillali ya rantse maka.

Tun 1965 unguwar take ƙarƙashin hukumar kare gine-ginen tarihi, ko tagar gaba ba ka sauyawa sai da amincewarsu. Lambun kuma, ka tabbatar an rubuta naka ne kai kaɗai. Kuma a gini mai gidaje uku ko huɗu, kuɗin gyaran rufi tare za ku raba, kasonka ba kaɗan ba ne.