Amsa ga mai tambaya kan kalmar catastrophic

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin ci karo da catastrophic a labarin ambaliya, ƙamus ya ce miki "mai bala'i", kina son sanin ko za ki iya sa ta a insha'in jarrabawa. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, ga abin da nake gaya wa ɗalibaina.

Siffa ce, daga sunan catastrophe, wanda asalinsa Girkanci ne da ke nufin kifewa, sama ta koma ƙasa. Ana sa ta ne ga ɓarnar da ta auku farat ɗaya kuma ba ta gyaruwa da sauƙi. Ki tuna ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024. Mutanen Maiduguri sun kwanta lafiya, kafin gari ya waye ruwa ya shanye unguwanni, ya kutsa gidan namun daji, ya rusa katangar kurkuku. Haka madatsar Bagauda ta yi a Kano a 1988. Irin wannan injiniyoyi ke kira catastrophic failure: ba tsagewar da za a liƙe da siminti ba, ginin ne ya tafi gaba ɗaya.

A fannin lafiya kuwa tana da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shekaru tana cewa kuɗin magani ya zama catastrophic idan ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke kashewa. Wanda ya taɓa sayar da gona don jinyar ƙoda ya san zancen.

Inda yara ke ɓata mini rai shi ne almubazzaranci da ita. Wani ya rubuta mini cewa ciwon kansa catastrophic ne, alhali Panadol biyu suka raba gardama. Mai duba takarda zai ga an ɗauko gatari don yanka albasa. Ga irin wannan, severe ko serious sun wadatar. Kada kuma ki sa mata very a gaba, ta riga ta kai maƙura. In za ki faɗi wanda abin ya shafa, for ce ke bin ta: catastrophic for farmers.

Sai furuci. Sunan ana cewa katastrofi, da "fi" a ƙarshe, ba katastrof ba, kuma nauyin yana kan "tas". A siffar sai ya koma kan "tro": katastrofik. Ki sa ta a insha'inki in batun gobarar kasuwa ko ambaliya ne, amma sau ɗaya ya isa. Allah ya ba da sa'a.