Amsoshinku: Kifin ado da tsutsar kunne

Wata uwa daga Kaduna ta rubuto cikin damuwa cewa ta saya wa 'yarta tankin gilashi mai ɗauke da ƙananan kifayen ado irin su guppy da molly da tetra, kuma tun da suka ƙara sababbin kifaye biyu makonni biyu da suka wuce, tsofaffin suka fara taruwa a saman ruwa suna haki, suna goga jikinsu da duwatsu, ɗaya ma yana numfashi da kunne guda (wato mashaƙar iska da ke gefen kansa), ɗayan a rufe. Tana tambaya ko akwai abin da za ta saya kafin su ƙare, domin yarinyar ta daina cin abinci saboda su.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin kin lura da wuri, kuma ana shawo kan irin wannan. Alamun da kika zayyana sun yi kama da na tsutsar kunne, wadda masana ke kira Dactylogyrus. Ƙanƙanuwa ce wadda ido ba ya gani, tana maƙalewa da ƙugiyoyi a jajayen naman da kifi ke numfashi da shi, sai wurin ya kumbura ya cika da yauƙi. Amma kafin ki fitar da ko sisi, ki sani cewa gurɓataccen ruwa yana kawo wannan haki ɗin sak. Amoniya da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci tana ƙona kunne, haka ma kulorin na ruwan famfo, kuma idan an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya a lokacin zafi, iskar da ke cikin ruwa raguwa take yi. Saboda haka ki fara sayen kayan gwajin amoniya da naitirait (wata gubar da amoniya ke rikiɗewa zuwa gare ta), ki sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan da wanda aka cire wa kulorin, ki rage abinci, ki ƙara iska. Idan ruwa ya fita tsaf amma goge-gogen bai tsaya ba, maganin da na fi yarda da shi a tanki mai kifaye iri-iri shi ne praziquantel, wanda da shi ake maganin tsargiya a asibitocinmu. Ba ya cika taɓa tsirrai ko ƙwayoyin da ke tsaftace ruwa a cikin matata. Abin da aka saba shi ne miligiram 2 zuwa 2.5 a kowace lita. Ki auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da santimita, ki ninka su, ki raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 30 yana ɗaukar lita 54. Ki cire gawayin da ke cikin matata, domin yana tsotse magani, sannan ki maimaita bayan mako guda idan kin sauya wani ɓangare na ruwan. Wannan maimaicin wajibi ne, saboda tsutsar ƙwai take zubarwa, maganin kuwa ba ya kashe ƙwai. Idan da likitan dabbobi kusa da ke, ki nuna masa lissafin kafin ki zuba.

Wani magidanci daga Kano ya ce mai sayar da kifi ya ba shi shuɗin ruwa a robar da babu rubutu, ya ce masa yana maganin kowace cutar kifi, ya zuba, kifaye uku suka mutu washegari. Yana tambaya ko ya koma ya karɓo mai ƙarfi.

Malam, kada ka koma. Wannan wasiƙa taka ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin abin ya zama ruwan dare. Mutum zai kashe kuɗi masu yawa a kan gilashi da fitila da duwatsu masu launi, amma idan aka zo maganar magani sai ya nemi mafi araha, ya karɓi abin da aka ɗura a robar ruwan sha, babu suna, babu ƙarfin sinadari, babu ranar lalacewa. Ta yaya za ka auna abin da ba ka san mene ne ba? Shuɗin ruwan nan a mafi yawan lokuta methylene blue ne da aka tsinka, kuma yana da amfaninsa wajen kare ƙwan kifi daga funfuna, amma ba za a dogara da shi a kan tsutsar kunne ba, sannan yana kashe ƙwayoyin matata, amoniya ta hauhawa, kifin da kunnensa ya riga ya raunana ya ƙarasa. Akwai masu haɗa shi da fomalin, wadda ke rage iskar ruwa, kuma idan ta tsufa ta yi farin guntsi a ƙasan kwalba ta zama guba. Akwai kuma magunguna masu jan ƙarfe a ciki, waɗanda ke hallaka dodon koɗi da jatan lande nan take. Duk wannan a rubuce yake a jikin kwalbar gaske, kuma rashin rubutun ne ya jawo maka asara. Ka nemi sunan sinadarin da yawansa, da lambar rukunin da aka haɗa, da ranar lalacewa, ka duba ko hatimin murfi bai karye ba. Idan ƙwaya ce, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC. Duk mai sayarwar da ya ce maka maganinsa sirri ne, ko ya ce kwalba ɗaya tana kashe tsutsa da funfuna da kowace irin cuta, to ka riƙe kuɗinka. Yanzu dai ka sauya rabin ruwan, ka sa sabon gawayi ya kwashe sauran shuɗin, ka riƙa gwada ruwan kullum na tsawon mako.

Wani matashi daga Zariya yana tambaya ko zai fasa ƙwayar ja da yalo a tanki, tunda tana yi wa kajinsa aiki. A'a. Wannan magani na bakteriya ne, tsutsa kuwa ba bakteriya ba ce, kuma ba kowane abu ne ake gwadawa a kan mai rai don ya yi wa kaza aiki ba.

Wata ɗaliba daga Jos ta ce an gaya mata gishiri ya isa maganin tsutsar kunne. Gishiri yana sauƙaƙa wa kifi, 'yar'uwa, kuma giram 1 zuwa 3 a lita ba ya damun guppy da molly, amma Corydoras, wani ƙaramin kifi mai gashin baki da ke zama a ƙasan tanki, da sauran marasa ɓawo ba sa jure shi sosai, tsirrai ma haka, kuma da wuya ya kawar da tsutsar shi kaɗai. Ki kuma duba jikin kifayenki da kyau: idan kin ga fararen ɗigo-ɗigo, wata cuta ce daban wadda praziquantel ba ya yi wa komai, kuma sanyin dare irin na garinku yana taimaka mata, don haka hita da ma'aunin zafi su ne farkon abin da za ki saya.

Ta ƙarshe daga wani ma'aikaci a Abuja ce, mai son sanin ko ya sayi tanki babba ko ƙarami na biyu. Ka sayi ƙaramin, ko ma babbar roba mai tsabta da famfon iska nata. Duk sabon kifi ya zauna a ciki makonni uku zuwa huɗu kafin ya haɗu da sauran, kuma ka ware mata komarta da tiyonta, domin jiƙaƙƙiyar koma ɗaya tana iya kwaso cuta daga wannan ruwa zuwa wancan. Ruwan ledar da aka kawo kifin a ciki kuwa, a zubar da shi a waje.