Amsar Kawu kan wankin da ba a sa masa ruwa

Ɗana, bayan gaisuwa.

Saƙonka ya iso. Ka ce an yi maka kyautar kwat ta ulu, ka ga an rubuta a cikinta kada ruwa ya taɓa ta, sai dai a kai dirai-kilin. Ka tambayi gida biyu, na biyun ya ninka kuɗin na farko sau da yawa, shi ne kake so ka ji ko wannan al'ada ta kai kaya gidan wankin manya tana da tushe, ko kuwa fankama ce ta masu hannu da shuni. To, ka tambayi mutumin da ya tsufa da almakashi a hannu, sai ka yi haƙuri da tsawon amsa.

Sunan ma yana ruɗin mutane. Ana cewa busasshen wanki, alhali kayan jiƙewa suke yi sharkaf. Abin da ba a sawa shi ne ruwa. Wani sinadari ake zubawa mai narkar da maiƙo, wanda ba ya kumbura zare. Gashin tunkiya yana da ɓawo-ɓawo kamar jikin kifi. Idan ya sha ruwa aka cuɗa shi, sai ɓawon nan su sarƙe da juna, yadin ya tsuke ya yi tauri, kuma babu gugar da za ta mayar da shi. Sannan kwat ba yadi ɗaya ba ce. Ka matsa ƙirjinta da yatsu biyu, za ka ji wani abu a tsakanin yadin waje da shafi. A kwat ta ƙwarai wannan saƙa ce da ake haɗawa da gashin doki, ita ke ba ƙirji tsayuwa. Akwai kuma cikon kafaɗa. Kowanne da yadda yake tsukewa a ruwa, don haka in ka tsoma ta a bokiti, za ta fito kamar ta yi faɗa da kanta. Ka ga rubutun nan ba yanga ba ne.

Neman hanyar tsabtace ulu tsoho ne ƙwarai. A Fomfei, garin Rumawa da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an tono gidajen wanki da kwatamansu. Da wani irin yumɓu mai shan maiƙo suke aiki, da kuma tsohon fitsari, suna tattaka kayan da ƙafa. Har haraji sarkinsu Basfasiyan ya ɗora wa fitsarin. Kada ka yi dariya, sinadarin amoniya suke nema a ciki, kuma yana cire datti.

Sana'ar da muka sani yau kuwa a ƙarni na 19 ta tashi. Akwai wani tela baƙar fata a birnin Niyok, Thomas Jennings, wanda ya ga masu kawo masa ɗinki suna asarar tufafi saboda tabo. Ya yi ta gwaji har ya samo hanyar gogewa ba da ruwa ba, aka ba shi takardar mallakar wannan fasaha ranar 3 ga Maris, 1821. Shi ne baƙar fata na farko da aka sani ya sami irin wannan takarda a Amurka, a lokacin da ake cinikin 'yan'uwansa a kudancin ƙasar, kuma ya zuba dukiyarsa a fafutukar kawar da bauta. Takardun nasa sun ƙone a gobarar ofishin rajistar a 1836. Ina jin daɗin tela ne ya fara, ba zan ɓoye maka ba.

Amma Faransawa suka ci sunan. Labarin da 'yan sana'a ke ba almajiransu shi ne na Jean-Baptiste Jolly a Faris: man fitila ya zube a kan shimfiɗar teburinsa, da ya bushe sai ya ga wurin ya fi ko'ina haske. Ya buɗe gidan wanki da irin wannan mai, abin ya karɓu, har Turawan Ingila suka daɗe suna kiran aikin wankin Faransa. Tun daga nan sunan Faris ya manne wa sana'ar, kuma wani abu daga tsadar da kake gani yau gadon wannan suna ne.

Marina ne suka fi rungumar ta, don su suka san halin zare da launi. Gidan Pullar da ke garin Perth a Sikotilan da rini ya fara a 1824, har ya zama mai yi wa Sarauniya Biktoriya rini. Su ne ma wani yaro ɗan Ingila mai haɗa sinadarai, William Perkin, ya aika wa samfurin rinin shunayya da ya haɗa a 1856, yana ɗan shekara 18, don su gwada a siliki. A shekarun 1860 suka shigo da wankin Faransa, mutane suka riƙa aiko musu da ƙunshin kaya ta jirgin ƙasa da gidan waya daga ko'ina a Birtaniya.

Sai dai sana'a ce mai cin rai a lokacin. Da kananzir da fetur da danginsu ake yi, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gini. Shi ya sa aka riƙa korar masana'antun zuwa bayan gari, shagon cikin gari karɓa da bayarwa kawai yake yi. A 1924 wani mai wanki a Atlanta ta Amurka, William Stoddard, ya fito da man da bai kai fetur saurin kamawa ba. Daga shekarun 1930 aka koma wa sinadarin da 'yan sana'a ke kira fak, wanda ba ya cin wuta sam. Wannan ne ya dawo da inji cikin shago, ya sauko da farashi, har aka kai ga wankin awa ɗaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya aka gane shaƙarsa na cutarwa, masana suka sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar kansa. Faransa ta hana shi a shagunan da ke manne da gidajen mutane daga 2022, jihar Kalifoniya ta gama kawar da shi a 2023. Idan ka karɓo kaya ka ji wani wari mai hawa kai, ba ƙamshin tsabta ba ne, ba su gama bushewa ba ne.

Yanzu ga inda amsarka take. Da wankin ya yi araha ya zama na kowa, sai inji ya koma cin kaya tuli-tuli, ana danna su a maguga a miƙa. A nan ne wasu gidaje suka ware kansu suka ce za su yi wa mutum aikin da baran gidan attajiri yake yi wa ubangidansa a da. Jeeves of Belgravia, da aka buɗe a Landan a 1969, sunan wani bara na cikin labaran Ingilishi ma ya ɗauka. Injinsu bai bambanta da na maƙwabcinsu wani abin kirki ba. Ido da hannu suke sayarwa.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo mai cire tabo, na ga aikin da idona. Ya shimfiɗa rigar siliki a ƙarƙashin fitila, ya karkata ta, ya shinshina. Ya ce lemon kwalba ne ya ɗiga, ga shi ba a gani. Sinadarin wanki maiƙo yake narkarwa, ba ya taɓa sukari ko gishirin gumi. In aka bar su, zafin guga ya dafa su, sai tabo ruwan ƙasa ya fito bayan makonni, mai kaya ya ce gidan wanki ne ya ɓata masa. Ya sa ɗan tururi, ya ɗiga magani, ya riƙa bubbugawa da ƙaramin burushi, bai goga ko sau ɗaya ba, don gogawa na kashe ƙyallin siliki. Kafin nan ya gwada maganin a bakin ɗinki ta ciki. Maɓallan ƙaho ya cire su ya sa a ambulan, ya mayar da hannu bayan an gama. Kusan awa guda a riga ɗaya. Wannan awar ce kuɗin da ya ba ka mamaki.

Na kuma ga kishiyarsa. Wata rigar amarya da na yi kwanaki ina jera wa duwatsu, aka kai ta wani gida da ba zan ambata ba. Ba su gwada ko ɗaya ba, suka jefa a inji. Duwatsun na roba ne, sinadarin ya narkar da su, suka dawo kamar an ɗiga mata alewa. Ba mugunta suka yi ba, gaggawa ce. Araha ba ta ado, in ji mutane, ko da yake na ga masu tsadar da leda mai tambari da turare kawai suke sayarwa. Gane su ba wuya. Ka miƙa kwat ɗin ka yi shiru. Wanda ya juya ta, ya karanta alamar da'ira da harafin da ke ciki a takardar umarnin wanki, ya tambaye ka me ya zube, shi ne naka. Wanda ya maƙala lamba ya wurga ta kwando, karɓi abarka.

Abin da aka manta a al'adar shi ne, waɗanda suka kafa ta ba sa yawan wanki. Baran attajiri burushi ne makaminsa. Ubangida ya tuɓe, ya kakkaɓe ƙura daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya rataye a inda iska ke kaɗawa, ya bar ta ta huta kwana ɗaya kafin a sake sawa. Kowane wanki da guga yana rage wa ulu kwana. Kwat ɗinka in ba kullum kake sa ta ba, sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe ta, kuma ka kai ta tare da wandonta don kada launinsu ya rabu. Da ka karɓo, ka cire ledar, tana riƙe danshi. Ka yar da hangar wayar nan ka nemi ta katako mai faɗin kafaɗa. In abu ya zube, ka danna da farin ƙyalle, kada ka murza, ka kai da wuri ka faɗi gaskiyar abin da ya zube. Kafin ka ajiye ta na dogon lokaci ka tabbata tana da tsabta, don asu wurin gumi da ɗigon abinci yake fara ci.

Kuma ka laluba aljihunan da kanka kafin ka miƙa. Na san halinka da barin biro a aljihu tun kana makaranta, kuma biro ɗaya ya isa ya rina kayan mutum goma.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan wata.

Kawunka.